Kalakala: Jirgin Fiton Da Mutanen Seattle Suka Kasa Mantawa Da Shi

A can kusurwar arewa maso yamma ta ƙasar Amurka, cikin Jihar Washinton, akwai waɗansu mutane da babu abin da ke ɗebe musu kewa kamar zancen jiragen fito. Cikinsu akwai tsofaffin matuƙa da makanikai da suka yi ritaya, akwai waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu suna ƙetare ruwa safe da maraice zuwa wurin aiki, akwai kuma samarin da ba su taɓa ganin jiragen da suke magana a kai ba sai a hoto. Suna tara katunan gaisuwa masu hoton jirgi, da tsofaffin tikiti, da takardun lokutan tashi, sun kuma san ƙugin kowane jirgi kamar yadda makiyayi ya san kukan shanunsa. In hira ta yi nisa tsakaninsu kuwa, ko ta ina aka faro ta, ƙarshenta sai ta gangaro kan jirgi guda mai suna Kalakala.

Rabon jirgin nan da ɗaukar fasinja tun shekarar 1967, an kuma sassare shi an sayar da ƙarfensa cikin 2015, amma gardama a kansa ba ta mutu ba. Waɗansu na cewa ba a taɓa ƙera jirgin fito mai kyansa ba. Waɗansu na cewa ba a taɓa ƙera wanda ya wahalar da matuƙa da fasinja kamarsa ba. Duka ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗi, sau da yawa ma bakin mutum ɗaya ne ke fitar da maganganun biyu.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda ƙasar take. Jihar Washinton dabam take da birnin Washinton inda fadar shugaban Amurka take. Tsakaninsu akwai faɗin ƙasar gaba ɗaya. A wannan jiha wani hannun teku da ake kira Puget Sound ya kutso cikin tudu, ya miƙa kudu kimanin mil 100, ya rarrabu, ya bar tsibirai da zirin ƙasa barkatai. Birnin Seattle yana gaɓar gabas. Garin Bremerton, inda babbar ma'aikatar gyaran jiragen yaƙin ruwa ta Amurka take, yana gaɓar yamma. Wanda ya ce zai bi hanyar mota daga wannan zuwa wancan, sai ya yi dogon zagaye ta kudu, alhali kuwa ta ruwa tafiyar ba ta wuce wajen sa'a guda ba. Saboda haka jirgin fito shi ne titinsu, shi ne gadarsu. Duk wanda ya san yadda motoci ke yin jerin gwano a bakin Kwara tsakanin Asaba da Anaca kafin a gama gada cikin 1965, ya san irin matsayin da jirgin fito ke samu a zukatan mutanen da ba su da wata hanya sai shi. Bambancin kawai shi ne, jiragen Puget Sound manya ne na ruwan gishiri, motoci na shiga cikinsu da ƙafarsu, fasinja kuma su hau bene su zauna.

Daga toka aka tashe shi

Kalakala ba da wannan suna aka haife shi ba. Cikin 1926 aka ƙera shi a birnin Oakland na Jihar Kalifoniya, aka raɗa masa suna Peralta, aikinsa kuwa shi ne jigilar ma'aikata tsakanin Oakland da San Francisco. Bai yi farin jini a can ba. Ran 17 ga watan Fabrairu 1928, yana gab da isa gaɓa, fasinjoji sun taru a goshinsa suna shirin sauka, sai goshin ya nutsa, ruwa ya share waɗansu, mutum 5 suka halaka. Ran 6 ga watan Mayu 1933 kuma aka cinna wa tashar jiragen kamfanin wuta da dare, Peralta na ɗaure a wurin, duk ginin samansa ya ƙone ƙurmus, sai gangar jikin ƙarfe ta rage tana lilo a kan ruwa. A shekarar nan ce aka soma ginin babbar gadar da za ta haɗa garuruwan biyu, don haka masu shi ba su ga dalilin sake kashe kuɗi a kansa ba.

Wanda ya ga amfanin wannan gawa shi ne Kyaftin Alexander Peabody, shugaban kamfanin jiragen Puget Sound da aka fi sani da Black Ball Line. Cikin watan Oktoba na 1933 ya saye ta a kan dala 6,500, aka jawo ta arewa har maƙerar jirage ta Houghton da ke bakin Tafkin Washinton, wurin da yanzu ya shige cikin garin Kirkland. Lokacin nan tattalin arzikin Amurka ya karye, masana'antu a rufe, magidanta na bin layin karɓar abinci. Peabody ya yi niyyar ya fito da abin da zai sa mutane su ɗaga kai. An ce matarsa ce ta ba shi shawarar a bar siffar jiragen fito ta gargajiya, mai kama da akwati a kan kwale-kwale, a yi wani abu na zamani. Wani injiniyan kamfanin jiragen sama na Boeing, Louis Proctor, shi ya fitar da samfurin farko.

Abin da ya fito daga maƙerar cikin watan Yuli na 1935 bai yi kama da kowane jirgin ruwa da aka sani ba. Tsawonsa ƙafa 276, goshinsa a dunƙule, bayansa ya zube a hankali kamar jelar kifi, babu kusurwa ko ɗaya a jikinsa, tagoginsa da yawa zagayayyu ne, an kuma shafe shi da fenti mai ruwan azurfa tun daga sama har ƙasa. Maimakon a haɗa faifan ƙarfen ginin samansa da ƙusoshi kamar yadda aka saba, walda ta lantarki aka yi masa, shi ya sa jikin ya fito sumul. Mutane da dama sun ɗauka da gorar-ruwa aka yi shi kamar jirgin sama, alhali ƙarfe ne zalla, ban da ɗakin tuƙi wanda aka yi da jan ƙarfe don kada ya rikita allurar kamfas. Jami'in tallan kamfanin, William Thorniley, shi ya zaɓo sunan daga harshen kasuwanci na Chinook wanda 'yan asalin yankin ke ciniki da shi, ma'anarsa kuwa tsuntsu. Sunan ba shi da wata dangantaka da kala-kala ta bakin Bahaushe. Jirgin ma launi ɗaya gare shi. Daga kansa ne al'adar sa wa jiragen fiton yankin sunaye daga harsunan 'yan asalin ƙasar ta kafu, har yau kuma a kanta ake.

Hotonsa ya bazu cikin jaridu da majigi a ƙasashe da yawa. Kafin a gina doguwar hasumiyar nan ta Space Needle, in aka ce Seattle, to Kalakala ne ke faɗo wa baƙo a rai.

Abin da fasinja suka riƙe

In aka saurari masu begen jirgin nan da kyau, za a lura ba tafiyarsa suke tunawa ba, cikinsa suke tunawa. An shirya shi ya ɗauki fasinja wajen 2,000 da motoci 110. Bisa benen motoci akwai babban zauren fasinja mai kujeru masu laushi. Akwai ɗakin hutawar mata dabam. Akwai wurin cin abinci wanda teburinsa ya lanƙwasa sau biyu kamar takalmin doki, masu ci na zaune kewaye da shi a kan kujeru masu juyawa. Can baya akwai wani ɗaki mai kallon ruwa da aka ƙawata da shuke-shuke, inda mutum zai zauna yana kallon gine-ginen Seattle suna ƙanƙancewa. A ƙasa kuma, ƙarƙashin benen motoci, an yi wa maza mashaya da ɗakunan wanka, don ma'aikacin da ya taso daga maƙerar Bremerton da baƙin mai a jiki ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya isa gida. Ga mutumin da ke fama da kuɗin haya a shekarun nan na ƙunci, ɗan kuɗin fito kaɗan ya ishe shi ya shiga wurin da ya yi kama da otal na masu hannu da shuni, ba kuwa wanda zai tambaye shi ko shi ɗan wane ne. Wannan shi ne ginshiƙin son da aka yi wa Kalakala, ko da yake masu son ba kasafai suke faɗinsa haka ba.

Da dare kuma, in ya gama fiton yini, sai a ɗauke shi yawon shan iska cikin farin wata. Akwai makaɗan badujala na jirgin, ƙarƙashin wani mai suna Joe Bowen, waɗanda aka sa wa suna Flying Bird Orchestra, watau makaɗan tsuntsu mai tashi. Samari da 'yan mata su cika zauren ana rawa, jirgi na zagaya tsibirai. Yawancin waɗanda suka taka rawar nan sun riga mu gidan gaskiya, amma labarin ya zama gado: da wuya a yi taron masu sha'awar jiragen fito a yankin ba a sami wanda zai ce a cikin Kalakala kakansa ya fara ganin kakarsa ba.

Wani abin da ake yawan tunawa kuma ya faru cikin watan Yuli na 1940. Da aka gama gadar mashigin Tacoma, Kalakala aka gayyato ya yi fiton ban kwana a wurin, alamar cewa zamanin jirgi ya wuce, na gada ya zo. Wata 4 bayan haka, ran 7 ga Nuwamba, iska ta murɗe gadar ta zuba cikin ruwa, dole aka komo da jiragen fito har tsawon shekara 10. Masu son jirage ba su gajiya da ba da wannan labari.

Girgiza

To, sai dai akwai ɗaya fuskar, wadda ma'aikatan jirgin suka fi kowa sani. An ɗora masa injin dizal guda ɗaya tak, ƙirar Busch-Sulzer, mai silinda 10 da ƙarfin doki 3,000, wanda ke iya kai shi gudun mil 20 cikin sa'a. Da zarar an tayar da injin nan, jirgin gaba ɗaya sai ya kama kakkarwa kamar mai zazzaɓin cizon sauro. Tagogi na kaɗawa, kujeru na rawa, cokula na ƙara a kan tebur, mai karanta jarida na ganin layuka bibbiyu. Labarin da aka fi maimaitawa shi ne na kofi: wai masu sayar da abinci ba su cika kofi sai rabi, don sun san sauran a rigar mai sha zai ƙare. Masana sun fi danganta abin da rashin daidaita zaman injin tun ranar da aka girke shi. Sai cikin 1956 aka sake masa farfela mai fiffike 5, girgizar ta ragu da kashi 40 cikin 100. Ragowar kashi 60 ɗin kuwa ta bi shi har ranar da ya daina aiki.

Laƙabin da aka yi ta liƙa masa sun isa shaida. Waɗansu suka ce masa Dodon-koɗin Azurfa, waɗansu Ƙwaron Azurfa, waɗansu Fatalwa Mai Sukuwa ta Gaɓar Fasifik. Mutanen Seattle 'yan asalin ƙasashen Sikandinebiya kuwa suka karkata sunan suka mai da shi Kackerlacka, wanda a harshen Suwidin yake nufin kyankyaso. Abin lura shi ne, yau masoyansa ne ke jera waɗannan sunaye suna dariya, kamar yadda 'yan uwa ke tuna halin wani dattijon gida mai faɗa bayan ya rasu. Girgizar da ta sa fasinjan 1950 ciwon kai ita ce abu na farko da jikansa ke alfahari da shi. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. A nan kam son bai hana ganin laifin ba, ya dai mai da shi ado.

Matuƙa ba su sami abin dariya ba. Domin a tsare kyan siffar, an tura ɗakin tuƙi can baya, an matse shi, aka yi masa ƙananan tagogi zagayayyu. Sakamakon haka kyaftin ba ya iya ganin goshin jirginsa daga inda yake tsaye. A yi tunanin direban babbar mota da aka ce ya shiga tasha ya tsaya daidai kan layi, alhali an rufe masa rabin gilashin gaba, motar kuma ba ta da birki, ƙasan da take takawa ma tafiya yake yi. Daɗin daɗawa, Peralta mai kai biyu ne, yana shiga gaɓa ya fito ba tare da juyawa ba, amma da aka mai da shi Kalakala sai aka bar masa farfela a gefe guda, dole ya riƙa juyawa. Cikin 1936 ya yi karo da wani jirgin kamfaninsu mai suna Chippewa a matsatsin mashigin Rich Passage. Gaɓar sauka ta Seattle da ake kira Colman Dock ta sha duka a hannunsa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har cikin 1966, shekara guda kafin ya bar aiki, sai da ya tunkuyi sabuwar tashar da aka gama ginawa. Wanda ya zana jirgin ya yi tunanin mai kallo daga tudu, bai yi tunanin mai riƙe da sitiyari ba.

Watakila wannan makanta ce ta sa aka yi masa gata da wuri: cikin watan Fabrairu na 1946 hukumar sadarwa ta Amurka ta ba shi lasisi mai lamba 001 na amfani da na'urar rada, wadda ke gano abin da ke gaba cikin duhu ko hazo. Shi ne jirgin kasuwanci na farko da ya sami wannan izni a ƙasar.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne jirgin ya biya bashin duk abin da aka kashe a kansa. Ma'aikatar Bremerton ta cika da dubban ma'aikata masu gyaran jiragen yaƙi dare da rana, cikinsu har da waɗanda Japan ta ragargaza a Pearl Harbor, da yawa daga cikin ma'aikatan kuwa a Seattle suke kwana. Kalakala ya yi ta kai da komo tun asuba har tsakar dare, cike maƙil da leburori da sojojin ruwa. Badujala ta yi shiru, kujeru masu laushi suka yage, ɓarna ta yi yawa har akan jefa kayan jirgin cikin ruwa don wasa. Waɗanda suka san shi a wannan zamani ba otal suke tunawa ba. Hayaƙin taba suke tunawa, da karta, da mutane na barci a tsaye.

Motoci sun yi ƙiba

Bayan yaƙi sai rigima ta tashi tsakanin Peabody da gwamnatin jiha a kan ƙarin kuɗin fito. Cikin 1948 ya ɗaure jiragensa na 'yan kwanaki, jama'a suka rasa hanya, aka yi ta tsine-tsine. Ƙarshenta gwamnati ta saye yawancin jiragen, ran 1 ga watan Yuni 1951 kuma hukumar jiragen fito ta Jihar Washinton ta soma aiki, Kalakala na cikin abin da ta gada. Daga 1955 ya yi 'yan shekaru yana ƙetarawa da masu yawon buɗe ido daga Port Angeles zuwa Victoria ta ƙasar Kanada a watannin zafi. Lokacin babban bikin baje kolin duniya da aka yi a Seattle cikin 1962, da aka tambayi baƙi abin da ya fi burge su, Space Needle ce ta zo ta ɗaya, tsohon jirgin nan mai shekara 27 ya zo na biyu.

Amma abin da zai kashe shi ya riga ya shigo cikinsa, watau motar Amurka. Lokacin da ake sake gina shi an rage faɗinsa daga ƙafa 68 zuwa ƙasa da 56 don ya yi siriri ya yi gudu. Motocin 1935 ƙanana ne, sun shiga lafiya. Motocin bayan yaƙi kuwa suka yi ta ƙara faɗi da tsawo kowace shekara, har benen da ke ɗaukar 110 ya koma ɗaukar wajen 60, su ma a matse, buɗe ƙofa sai da dabara. Manyan motocin kaya kuma rufin ya yi musu ƙasa. Cikin 1967 hukuma ta kawo sabon jirgi mai suna Hyak, mai kai biyu, mai ɗaukar motoci 160, ta sa shi a hanyar Bremerton. Cikin shekarar dai Kalakala ya yi fitonsa na ƙarshe. Babu wanda zai ga laifin hukumar. Jirgin fito ba don a kalle shi ake sayensa ba, mai jiran layi da mota kuma ba ya cin kyau.

Aka yi gwanjonsa, wani kamfanin kifi ya saya, aka ja shi zuwa Alaska. Da fari an mai da shi masana'antar gyaran ƙaguwa mai yawo a kan ruwa. Daga 1970 aka kai shi tsibirin Kodiak, aka tura shi kan gaɓa a wani lungu mai suna Gibson Cove, aka zuba duwatsu da ƙasa kewaye da shi, aka malala siminti a benensa, aka yanke waɗansu bangayen, aka jingina masa rumfuna, ya zama gidan sarrafa jatan lande. A zauren da aka yi rawa cikin farin wata, nan mata da maza ke tsaye cikin takalman roba suna ɓare kifi. Da kamfanonin suka karye, aka watse aka bar shi ga tsatsa da ruwan sama.

Komowa gida

Cikin 1984 wani mutumin Seattle mai sana'ar ƙera mutum-mutumi da ƙarfe, Peter Bevis, ya je Alaska kamun kifi, ya hangi wannan abu a kwance cikin duwatsu. Tun daga ranar bai sake samun sukuni ba. Ya kafa gidauniya cikin 1991, ya tara 'yan sa-kai, suka yi shekaru suna fasa siminti, suna kwashe tarkace, suna toshe ɓaraka. Ran 24 ga watan Yuni 1998 aka haƙe ƙasar da ta riƙe shi, jirgin ya taso kan ruwa. Ran 6 ga watan Nuwamba aka jawo shi cikin mashigin Seattle bayan shekara 30 ba ya nan. Jama'a suka yi dafifi a bakin gaɓa, ƙananan jirage suka fita tarye, ana busa ƙaho, tsofaffi na share hawaye. Masoyan Kalakala na ƙirga wannan rana cikin ranakun farin cikinsu, suna da hujja kuwa, gama abin da kowa ya ce ba zai yiwu ba ne ya yiwu.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Jawo jirgi abu ne na rana ɗaya, kowa na iya zuwa ya yi tafi. Riƙe shi kuwa abu ne na kullum: kuɗin wurin ɗauri, kuɗin inshora, famfon da zai riƙa zuƙe ruwan da ke tsattsafowa, fenti, walda, mai gadi. Gyaran da zai mai da shi gidan tarihi ko wurin taro kuma miliyoyin daloli yake nema. An ɗaure shi a Tafkin Union cikin birni, mutane na biyan ɗan abin da ya sawwaƙa suna shiga kallo, suna sayen riguna masu hotonsa, amma attajiran birnin da gwamnati ba wanda ya sa hannu a aljihu da gaske. Bevis ya zuba dukiyarsa har ya shiga bashi, saɓani ya shiga tsakaninsa da 'yan kwamitin gidauniyar, cikin 2003 gidauniyar ta karye, aka sake yin gwanjon jirgin.

Daga nan sai ya zama baƙon da kowa ke gudu. Sabon mai shi ya kai shi Neah Bay, ƙasar ƙabilar Makah, cikin 2004. Ba a jima ba aka nemi a janye shi. A shekarar dai aka kai shi wata hanyar ruwa ta masana'antu a Tacoma mai suna Hylebos. Cikin 2006 aka shigar da sunansa cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa, amma takarda ba ta toshe huda. Cikin 2011 ya fara karkata gefe guda, a watan Disamba kuma rundunar tsaron gaɓar teku ta bayyana shi a matsayin haɗari ga zirga-zirgar jirage, don in ya nutse a wurin zai datse hanyar da kamfanoni da yawa ke fitar da kayansu. Har tallarsa aka yi a kan dala 1 ga duk wanda zai ɗauki nauyin gyara. Ba a sami mai iyawa ba.

A nan ne masu sha'awar jirage suka rabu, har yau kuma ba su haɗu ba. Waɗansu na ganin abin kunya ne ga birni mai arzikin Seattle, mai Boeing da manyan kamfanonin kwamfuta a kewayensa, ya kasa ceton alamarsa ta farko. Suna nuni da Berkeley, jirgin fiton San Francisco na 1898, wanda birnin San Diego ya karɓa cikin 1973 ya mai da shi gidan tarihi. Waɗansu kuwa na cewa abin da ya komo daga Kodiak ƙwarangwal ne kawai: kujeru, da teburin cin abinci, da duk abin da mutane ke tunawa, sun tafi tun da daɗewa, gangar jikin kuma ta 1926 ce, ta yi shekaru tana kwance cikin duwatsu da gishiri. Suna kawo misalin Virginia V, ƙaramin jirgin katako mai tururi na 1922, wanda aka ceto a wannan Tafkin Union ɗin, domin shi ƙarami ne, yana kuma iya fita da fasinja ya nemo abin gyaran kansa. Maganar ɓangare na biyu ta fi nauyi a ma'auni, ko da yake ta farko ta fi daɗin ji. Akwai ma masu cewa da an bar shi a Kodiak, da mutane sun ci gaba da tuna shi da azurfarsa, ba su gan shi da tsatsa ba.

Ɗan kasuwar da ke da wurin da aka ɗaure shi a Tacoma ya karɓe shi cikin 2012 saboda bashin haya, ya yi ta kashe kuɗinsa don kada ya nutse, daga bisani ya yanke shawarar a sare shi. Ran 22 ga watan Janairu 2015, tun kafin gari ya waye, jiragen ja suka fitar da shi a hankali zuwa wani ramin gyaran jirage a hanyar ruwa ta Blair, mutane na tsaye bakin gaɓa cikin sanyi suna ɗaukar hoto. Cikin 'yan makonni aka gama da shi. Jama'a suka yi ta tururuwa wurin kamfanin da ya yi aikin suna neman abin tunawa, wani ya sayi taga, wani guntun dogarin bene, wani ɗan faifan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Hukumar garin Kirkland, inda aka sake gina shi shekara 80 kafin nan, ta sayi waɗansu manyan ɓangarori ta adana. Wani gidan abinci da ke unguwar Alki kuma ya sayi nasa rabon ya girke a filin ajiye motocinsa, daidai inda ake hangen jiragen Bremerton suna wucewa.